Waiwaye a Kwanar Ras Al Khor

Watana na farko a Ras Al Khor, wata unguwar 'yan kasuwar motoci a ƙasar Larabawa, na gwaji ne. Wani Alhaji ɗan Kano mai harkar kayan gyaran mota ya ɗauke ni tafinta, saboda na yi shekara uku ina karatu a Japan. Bai ɓoye mini komai ba. Akwai wani dattijo Bajapane da ke aiko masa da injina, kuma ya fara tunanin komawa wurin wani ɗan kasuwar. Idan ya tafi, babu abin da zan fassara, kuma bizata a kan aikin take.

Dattijon ya zo bayan azahar. Na fassara komai daidai. Ya sha rabin kofin shayi, ya ce zai yi tunani, ya miƙe. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Alhaji ya raka shi har mota, ya rufe masa ƙofa, ya juya zai koma cikin sanyin ofis. Na riƙe hannun rigarsa.

"Ranka ya daɗe, mu tsaya."

"Mu tsaya mu yi me, ɗan Japan? Khalas, an gama, baƙo ya shiga mota. Ko gasa ni za ka yi a rana?"

"Zai waiwayo."

Abin da ya sa na sani shi ne wata tsohuwa da na zauna a gidanta shekarata ta farko a Japan. Ita ta koya mini cin abinci da tsinke, ita ce kuma ta daina sa giyar girki a miya don ni, ba tare da na roƙa ba. Amma kullum da safe iyakarta bakin ƙofa. A wurinmu rakiya tafiya ce, sai na ɗauka ba ta damu da ni sosai ba. Nakan yi sallama, in miƙe zuwa tashar jirgin ƙasa.

Sai da aka yi wata huɗu malamar harshe ta bayyana mana a aji cewa mai gida yakan tsaya yana kallon mai tafiya har ya ɓace, shi kuma ya waiwayo a kwana. Washegari na waiwaya. Tana nan tsaye cikin sanyi, da rigar girki, ta ɗago hannu. Wata huɗu tana kallon ƙeyata, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Motar dattijon ta yi nisa, zufa tana bin wuyan Alhaji.

"In bai juyo ba, kai za ka wanke rigar nan."

A kwana direban ya rage gudu. Gilashin baya ya sauka, dattijon ya leƙo, ya sunkuyar da kai. Na sunkuya. Alhaji ya ɗora hannu a ƙirji, yana magana ta gefen baki.

"Kai, wallahi ya juyo! Ashe su ma sun san mutunci."

Bayan kwana biyu saƙo ya zo: za a ci gaba da lodi. A ƙasa dattijon ya ƙara layi ɗaya, yana tambayar a gidan wa na zauna.

Ranar Juma'a na sayi dabino a unguwar Satwa, na aika wa tsohuwar. Na rubuta wasiƙar da hannu, a hankali, don ta sha cewa rubutuna kamar na mai gudu ne.