Turmin Kawu Lawal da Ya Yi Ƙiba

Duk wanda ya san Kawu Lawal Hedimasta a Batsari ya san jan biron nan da ke maƙale a kunnensa. Shi ya yi ritaya, biron bai yi ba. Katin ɗaurin aure, takardar zaɓe, har allon mai gyaran babur, in ya ga kuskure sai ya gyara. Da aka kai masa katin bikina, dawo mini da shi ya yi da jan zane uku, a ƙasa ya rubuta: "Shida bisa goma. A sake." Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Inna, amma ko maki ɗaya wannan bai ƙara mini ba!

To mai irin wannan ido, wa ya isa ya ce masa ganinsa ya fara raguwa? Abin ta gefe ya faro. Na gabansa yana gani tar, na gefe kuwa sai dai ka ji ƙum! Kuma kullum laifin matarsa ne, Gwaggo Binta.

"Binta, wa ya matso da turmin nan bakin hanya?"

"Malam, turmin nan tun haihuwar ɗanka Sani yake wurin."

Ya shafa ƙaurinsa ya ce, "To ya yi ƙiba."

Shekarun nan ne da kwanon masara ya gagari mai albashi, balle ɗan fansho. Kawu kuwa ya samu abin jingina komai. Ya sayi tabarau a faranti ranar kasuwa, bai yi masa ba, ya ce ai ba idonsa ba ne, masu buga jarida ne suka ƙanƙance rubutu saboda tsadar tawada.

Na kasuwar Wagini fa, kun tuna? Ya je sayen wake, suna tsaye da amininsa Malam Iro a gefensa na hagu, yana ta faɗa kan farashi. Ashe Iro ya daɗe da wucewa rumfar goro, jakin wani ne ya maye gurbinsa. Kawu ya yi ta zuba, har ya ce, "Iro, ka yi shiru, mi ka gani?" Jaki ya ɓarke da kuka. Kasuwa ta kwashe da dariya. Ko a jikinsa. Cewa ya yi, "Ya dai fi Iro saurin ba da amsa."

Da na ji an zo gwajin ido kyauta a Safana, da dabara na ja shi, na ce rakiya zai yi mini. Muka hau layi. Kawu ya kasa kunne yana sauraron waɗanda ke gabansa suna karanta allon haruffa. Da aka zo kansa, tun kafin ma'aikaciyar ta ɗaga sanda ya zazzago su daga sama har ƙasa, har da ƙananan nan da ni kaina ba na gani.

Ta ce, "Baba, ai allon yana can, kai nan kake kallo."

"Ɗiyata, shekara talatin da biyar ina hukunta masu satar amsa. Yau na gwada, ashe da daɗi."

Ta yi dariya, amma da ta haska idonsa sai dariyar ta tsaya. Ta rubuta takarda ta miƙo mini, ta ce tana zargin hawan jinin ido ne, a kai shi Katsina a auna, kada a jinkirta. Kawu ya fizge takardar, ya ɗora wa wani harafi ɗigo, ya cusa a aljihu.

Nan ne nake tsayawa in ina ba da labarin, don a nan dariya take ƙarewa. Na ji abin da matar ta faɗa da kunnena. Na ce sai an yi albashi. Aka yi albashi, na ce kuɗin mota ya hau, sai bayan girbi. Bayan girbi hanya ta lalace, kowa na tsoron fita. Shi kuma kullum, "Inna, ido ba ciwo, ba ƙaiƙayi, mi za ni gaya wa likita?" Ni kuma sai in ji sanyi, don ya ba ni uzurin da nake nema. Labarin satar amsa kuwa na ba da shi ya fi a ƙirga, a ofis, a gidan suna, ana ta riƙe ciki.

Damina biyu aka yi kafin na kai shi, ranar da ya zuba shayi a ƙasa yana zaton kofi na nan. Likita ya duba ya daɗe, ya juyo gare ni a hankali ya ce, "Hajiya, ciwon nan ba ya sallama. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Da kun zo da wuri, da maganin ɗigawa ya riƙe masa saura. Shi ya sa muke cewa tsoho ya riƙa zuwa awo ko yana jin lafiya lau."

A mota Kawu bai yi barkwanci ba. Muna gab da Batsari ya laluba ya kama hannuna ya ce, "Kar ki ɗora wa kanki, Inna. Taurin kaina ne."

Da na haifi Lawal ƙarami, na kai masa takwaransa. Ya bi fuskar jaririn da yatsa, goshi, hanci, haɓa, ya daɗe. Sai ya ce, "Faɗa mini gaskiya, fari ne ko baƙi?" Wata huɗu bayan nan ya rasu.

Ya Allah, bawanka Lawal ya buɗe idon yara da yawa da karatu. Ka haskaka kabarinsa, Ka nuna masa abin da ido bai taɓa gani ba. Mu kuma da muka yi ta cewa sai gobe, Ka yafe mana. Amin.