Rariyata a Tekun Malam Shu'aibu

Shekara shida ke nan cif da rasuwar mijina, Malam Shu'aibu, Allah Ya jiƙansa. Ya bar mini 'ya'ya huɗu, da gonar rake a hanyar Makarfi, da teku guda a cikin falo.

Ba wasa nake ba. Ya daɗe yana aikin jirgin ruwa a Legas, da ya yi ritaya sai ya dawo Hunkuyi da ƙaton akwatin gilashi, ya cika shi da ruwan gishiri. Ciki akwai murjani mai rai, wanda za ka rantse fure ne a kan dutse alhali dabba ne, sai wasu kifaye biyu sirara masu dogon baki da ya raɗa wa suna tsinken teku. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura. Yayansa Garba ba ya gajiya da tambaya: "Shu'aibu, wai yaushe za su yi ƙiba a ci?" Shi kuwa sai ya ce, "Yaya, ko an soya maka, sakace kawai za ka yi da su."

Zaman murjani da tsinke zaman haƙuri ne. Murjani na son famfon lantarkin da ke cikin akwatin ya riƙa kaɗa ruwa da ƙarfi, tsinke kuwa rago ne wajen iyo, bakinsa kamar kafar allura. Sai an kashe famfo, an zuba masa ƙananan ƙwarin ruwa da Malam ke ƙyanƙyasa a kwalba, sannan ya bi su ɗaya-ɗaya. Abin da ya fi ba ni dariya, namijin ne ke ɗaukar ƙwai a cikinsa. Na sha cewa, "Malam, ka ga inda ake adalci."

Burinsa ɗaya ne, ya ga 'ya'yan tsinken sun rayu. Sau nawa ana ƙyanƙyashewa, amma kafin azahar famfo ya zuƙe wasu, murjani ya lamushe sauran. Na ba shi shawara a ware uban tun da wuri, yadda nake kife 'yan tsaki da kwando saboda shirwa, ga ma sabuwar rariyata ta roba mai laushin ido. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Hajiya, teku ba akurki ba ne." Na ji haushi ƙwarai.

Malam ya rasu namijin tsinken na ɗauke da ƙwai. Bayan addu'ar bakwai, Yaya Garba ya kawo shawarar a zubar da ruwan a sa tarwaɗa, ko banza a sha romo. Na roƙe shi ya bari in fita takaba. Wata huɗu da kwana goma ba ni da wurin zuwa, kuma gaskiya ban iya kallon kujerar Malam ba kowa a kai. Sai na zauna a kanta. Na ɗaure rariyar a bakin akwatin, rabinta cikin ruwa, na lallaɓa uban ciki da ludayi. Da gari ya waye a rana ta uku, sai ga wasu abubuwa kamar guntun zare suna motsi. Da yawa sun mutu, uku suka tsaya da ransu. Ranar da na ga suna farauta da kansu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, ina yi ina dariya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Sola ce a rufin ɗaki, an huta da gudun tayar da janareta duk sanda aka ɗauke wuta. 'Yarmu Salma ke odar gishirin ta waya. Tsinkayen da ke ciki jikoki ne, murjanin kuma ya kusa cika dutsensa. Babban abin mamaki shi ne Yaya Garba, wanda yanzu ke jawo baƙi tun daga Kudan yana musu bayani kamar a teku aka yanke masa cibiya. Na san Malam zai yi gyaran murya ya ce da ma shi ya fara tunanin rariya.

Gonar raken an raba, kayan sawarsa an bayar. Abin da ya rage mini shi ne wannan zama na bayan la'asar, in kashe famfo in jira mai ƙaramin baki ya ƙoshi, ko tuwo na ƙonewa. Malam ne ya koya mini hakan. Rariyar ba ta koma kicin ba, kuma duk sanda na tsoma ta cikin ruwan nakan faɗa a fili: "Malam, ashe dai akurki ne."