Kilo Talatin da Na Ɓoye

A lokacin ni mai awon citta ne a Kafanchan, ina kwana gida a Kagoma. Shekara ashirin ina ɗora buhunan mutane a sikeli, ba wanda ya taɓa cewa na rage masa ko rabin kilo. Abu ɗaya ne ban taɓa aunawa a gaban mutane ba, wato ni kaina. Dogo ne ni, ga jiki, sai na sunkuya nake shiga ƙofar coci. Matata tela ce, da hannunta na dama take yanka kayan rabin unguwarmu. Saboda wannan hannun nake rubuto muku.

Da mai ya yi tsada na jingine babur, na tafi Sabon Tasha neman keke mai caji. Ƙanin matata ya raka ni, abokin wasana, wanda ba ya kirana da komai sai Buhu Biyu. Mai shagon ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi nauyina. Ya ce kowane keke da iyakar abin da birkinsa ke iya tsayarwa, kuma akwai wani babba mai faɗin taya da zai iya sa a kawo mini. Na waiga, na ga ƙanin nan ya kasa kunne yana murmushi, na san duk abin da na faɗa zai riga ni isa gida. Sai na zaftare kilo talatin. Mai shagon ya ce in haka ne ƙaramin zai ɗauke ni, har da mutum guda mara nauyi a baya.

Jiki magayi. Tun ranar farko gwiwoyina ke bugun kan keken, batir ya mutu kafin in kai kasuwa, in an zo hawa ni nake tura shi. Na ɗora laifin kan hanya. Wata Lahadi na goyo matata za mu sujada. A gangaren da ke sauka rafi na matse birki har ƙarshe, keken ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba da shi ake ba. Ni ƙujewa kawai na yi. Ita ta dafa ƙasa da hannun dama, ya karye a wuyan hannu. An ɗora, ya warke, amma har yau almakashi ba ya zama a cikinsa.

Wata uku tana cewa mai shago ya cuce mu, amma ta yafe masa. Wannan yafiyar ta fi komai ci mini rai. Ranar wata kasuwa na hau sikelin citta a gaban kowa, aka yi dariya, ba ta kai minti biyu ba. Ita ce dariyar da na guda. Da na koma gida, na faɗa mata gaskiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ke auna ni don ɗinki kowace Kirsimeti, ta san jikina sarai, abin da ba ta sani ba shi ne bakin da ya faɗi nauyin buhu daidai zai iya rage nasa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Duk mai jiki irina da zai sayi keken nan, ya hau sikeli tukuna, ya faɗi abin da ya gani, ya haɗa da na wanda zai goya. Yanzu ni nake yanka mata yadi, tana nuna mini layi da hannun hagu.