Zaman Lahadi a Sabon Gari

Yayana ya fi kowa ƙwaƙwalwa a gidanmu na Rijiyar Lemo. Malamin sakandare ne, lissafi yake koyarwa, kuma saura ƙiris giya ta raba shi da aikinsa da iyalinsa. A gidan da mahaifinmu ke ba da karatu a zaure, ba a kiran abin da sunansa. Inna takan ce "lalurar yayanku", mu kuma mu gane. An yi masa rubutu ya sha, an yi masa nasiha, kawunmu har tsawa ya daka masa a gaban matarsa. Yakan yi kuka ya rantse ya daina, ya daure na ɗan lokaci, sai wata rana an tashi daga makaranta ƙafarsa ta sake kai shi Sabon Gari.

Wadda ta nuna mini hanya maƙwabciyarmu ce, wata Hajiya Bayarabiya mai sayar da atamfa, haifaffiyar Fagge. Ta tare ni a ƙofar gida, ta rage murya, ta ce marigayi mijinta ya yi fama da irin wannan, kuma bai rasu ba sai da ya rabu da giyar. Akwai wasu mutane, in ji ta, da ke haɗuwa ranar Lahadi bayan la'asar a wata ƙaramar makarantar firamare a Sabon Gari, dukansu sun taɓa sha. In na je in nemi Baba direban jirgi.

Na yi ta tambaya kafin na gano wurin, ina yi ina waige kada wani ɗalibin mahaifinmu ya gan ni. Na zaci likita zan tarar, ko mai wa'azi. Sai na hango ta taga manyan mutane zaune a kan bencin yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa ƙirji, ga butar shayi a gefe. Da Bahaushe da Bayarabe da Igbo, wani da carbi a hannu, wani da gicciye a wuya. Ba su bar ni na shiga ba. Wani ya fito ya ba ni haƙuri, ya ce abin da aka faɗa a ciki a ciki yake zama. Na jira a gindin dalbejiya.

Da aka tashi, wani dogon tsoho mai furfura ya zo ya zauna kusa da ni. Shi ne Baban. Ya yi shekaru yana jan jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Na ce in sun yarda, ni da ƙannena za mu kawo shi ko da ƙarfi.

"Kada ku yi," in ji shi. "Wanda aka ja da igiya, hanyar gudu yake kallo. Ka dai gaya masa wani tsohon mashayi yana son ya zo su gaisa."

Haka na faɗa wa yayana, kalma da kalma. Ya yi dariyar takaici, amma bai ce a'a ba.

Baba ya zo a kan tsohon kekensa, suka zauna a dakalin ƙofar gida. Daga baya yayana ya gaya mini tsohon bai tambaye shi komai ba. Labarin kansa kawai ya bayar, yadda 'yarsa ta ɓoye masa ranar ɗaurin aurenta don kada ya kunyata ta. Yayana ya ce tun da ya fara sha, ranar ce ta farko da wani ya yi masa maganar giya bai ji kansa ƙazami ba.

Ya fara zuwa zaman. Ba a nan take abin ya wuce ba. Ya sake komawa shan, har muka yanke ƙauna, amma su ba su yanke ba. Da ya shaida musu cewa lokacin tashi daga makaranta ne sha'awar ta fi kama shi, wani Igbo a cikinsu mai sayar da kayan gyaran mota ya riƙa rufe shagonsa da rana tsaka, ya zo bakin makarantar a babur ya jira shi, ya kawo shi har gida. Wata da watanni yana haka. Inna ta sa aka riƙa zuba masa tuwo, shi kuma ya koyi gaishe ta a durƙushe.

Yau yayana ya yi shekaru da yawa rabonsa da giya. Har yanzu yana zuwa, shi ke jera benci kafin a taru, kuma tun da gwiwar Baba ta hana shi hawa keke, shi ke ɗauko shi daga gidansa na kusa da tashar jirgi.

Mahaifinmu bai taɓa zuwa wurin ba. Amma wata Lahadi yana alwala ya ga yayana zai fita, ya tambaye shi su wane ne mutanen nan da yake zuwa wurinsu. Yayana ya faɗa masa gaskiya, har da cewa wasunsu coci suke zuwa. Malam ya gama wanke ƙafarsa, ya ajiye buta.

"Ka ce ina gaishe su," ya ce. "Sun yi abin da na kasa."