Motar da Yaya ya raina

Mahaifinmu ya rasu ya bar motoci biyu ƙirar Amurka a gidanmu na Gaya, tun na zamanin da gyaɗa ke da daraja. Ɗaya baƙa ce doguwa mai ƙofa huɗu, kujerunta kamar katifa, ba ka jin ramin hanya a cikinta. Ɗayar ja ce mai ƙofa biyu, da inji mai silinda takwas wanda in aka tayar da shi sai awakin unguwa sun tsinke igiya.

Ranar rabon gado, yayana bai jira an tambaye shi ba. Ya ɗora hannu a kan doguwar.

"Wannan ta manya ce," in ji shi. "Kai ɗauki ta 'yan iska."

Na ɗauka. Ba ni da halin gyara ta, sai na rufe ta da tamfol a bayan rumbu, kaji suka mai da ita wurin ƙwai. Shi kuwa ya cire injin tasa ya sa na Japan don rage shan mai, ya yi mata sabon fenti, ya canja yadin kujeru. Da ita yake kai gero kasuwar Ajingi.

Bara wani Alhaji daga Kano, cikin masu tara tsofaffin motoci, ya zo da makanikensa. Yaya ya sa aka wanke tasa har sau biyu. Makaniken ya buɗe bonet, ya leƙa injin, ya rufe. Alhajin ya ce doguwar don jin daɗin tafiya aka ƙera ta, irinta kuma ba ta yi wuya ba. Darajarta ita ce kayanta na asali, an kuwa cire su. Sannan ya ɗaga tamfol ɗina. Ya daɗe yana duba lambar inji, yana shafa fentin da ya koɗe.

"Wannan nake nema. Kada a taɓa ta ko da soso."

Alhajin bai kai bakin titi ba, Yaya ya ce a sake rabo.

"Bayan duk shekarun nan, Yaya?"

"Kai da ko inda ake zuba mata mai ba ka sani ba! Kaji ne suka riƙe maka ita."

"Su dai ba su sa mata injin Japan ba."

Ya ce ni munafuki ne, tun farko na san darajarta na yi shiru. Ban sani ba. Da na sani ma, shirun zan yi.

Malamin da ya yi rabon ya tuna masa cewa da hannunsa ya zaɓa. Sai Yaya ya sa kwaɗo a babbar ƙofa, wadda ta nan kaɗai mota ke fita, ya ce sai dai ta ruɓe a inda take.

Washegari da hantsi na rushe katangar ɓangarena, tarakta ta jawo ta waje a gaban idonsa. Tana gidan abokina a Ajingi yanzu, ban sayar ba tukuna. Da magina suka zo gyaran katanga, na sa suka toshe har da ƙaramar ƙofar da ke tsakanina da shi.