Ƙasar da Idi Ya Tara da Wuyansa

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Idi, a shekarar da sanƙarau ya shiga ƙauyenmu na gefen Saji. Tare ya kwantar da mu. Shi ya tafi, ni na tashi da kunne ɗaya. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a sassauta mini magana.

Gonar da mahaifinmu ya bar mana fako ce. In ka sara fartanya sai ta yi tsalle. Ƙasar sama ba ta wuce kaurin tafin hannu ba, ƙarƙashinta jar marmara ce. Kowa ya ce mu bar ta mu tafi cirani. Idi ya ƙi. Ya riƙa ɗauko duwatsu a ka yana jerawa a gicciye, jeri bayan jeri, don in ruwa ya kwaso ƙasa ya ajiye ta a nan. Da rani ya ba Fulani dawa su kwana da shanunsu a gonar. Toka, shara, kashin jaki, babu abin da bai kai ba. Sai da gashin tsakar kansa ya zube kafin gero ya yarda ya tsaya a wurin.

Wani Baturen gona ya taɓa biyowa rangadi. Da ya ga jerin duwatsun, ya sa tafinta ya gaya mana wai can ƙarshen arewacin duniya akwai ƙasar da cikinta ƙanƙara ce rani da damina, 'yar fatar sama kawai ke narkewa ta yi ciyawa, in aka kankare ta kuwa har jikoki su tsufa ba ta dawo ba. Idi ya ce, "Ashe suna da irin tamu. Gaya masa tamu ko narkewa ba ta yi."

Yanzu an sami mulkin kai, gyaɗa ta yi daraja, kowa na son garmar shanu. Sani ɗan Idi, wanda ya girma da tuwon gonar nan, ya samo shanu biyu. Ya ce duwatsun na hana garma tafiya. Bara, ina kasuwar Rano, ya kira gayya suka kwashe jerin sama kaf. Aka ja huɗa daga tudu zuwa gangare don ya fi wa shanu sauƙi. Da aka yi ruwa mai ƙarfi, ina tsaye na ga jan ruwa yana gangarawa rafi. Wahalar Idi ce ke tafiya. Yau rabin gonar fako ce yadda muka same ta, ko akuya ba ta tsayawa.

Da Idi zai leƙo, ba zai zagi kowa ba. Gammo zai naɗa ya koma ɗaukar dutse. Ni ba Idi ba ne.

Jeri ɗaya ya rage, na can ƙasa, shi ke riƙe da sauran ƙasar. Makon jiya Sani ya zo ya durƙusa, wai Baffa a bar shi ya kwashe wannan ma, in an zuba takin zamani komai zai dawo. Na tambaye shi a kan me takin zai zauna. 

Na ce, "Sani, ubanka bai bar doki ba, bai bar babbar riga ba, kabarinsa ma ya baje. 'Yar ƙasar nan ce ta rage nasa. Kawo shanunka, za ka same ni zaune a kan jerin."

Tun ranar a can nake wuni. Allah ya jiƙan Idi. Shanun ba su zo ba tukuna, damina kuwa ta kusa.