Ramar da Na Ɗauka Sauƙi Ce

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Jega, kuma ni kaɗai ce na yi boko a gidanmu, don haka duk abin da na faɗa kan lafiya ba mai musa mini. Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana aure a Andarai. Mace ce mai jiki sosai, ga ciwon suga, kullum tana kukan ƙwayoyin asibiti sun gundure ta.

Wata rana aka turo mini saƙon murya a waya, wani yana cewa masana sun gwada ruwan wasu ganyaye, suga ya sauka, ƙiba ta ragu. Ban tambaya a kan wa aka gwada ba. Asabar na yi, na hau mota da ƙullin shuwaka da zogale da ganyen mangwaro, na ce mata ta ajiye ƙwayoyin nan, ta riƙa dafa wannan tana sha. Mijinta ya ce a fara jin ta bakin likita, na ce masa ai ni na yi karatu. Bawan Allah ya ƙyale ni.

Cikin wata biyu ta zube. Rigunanta suka yi mata yawa, maƙwabta suna zuwa tambayar sirrin, ni kuwa sai murna. Ta ce mini ƙishirwa ta addabe ta, ga yawan fitsari, na ce dattin jiki ne ke fita. Sai da kara ya soke ta a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa har ya soma wari, sannan muka kai ta asibiti. Likita ya auna ta, ya ce ciwon sugan ne ke cinye ta, shi ya sa ta rame. Da na ba shi labarin saƙon, ya ce irin wannan gwaji a kan ɓeraye ake fara shi, kuma ba mai binciken da zai ce majiyyaci ya bar maganinsa. Yatsu biyu aka yanke mata.

Har yau ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Duk wanda ya tayar da zancen, sai ta ce ƙanwarta alheri ta nufa da ita. Wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

Ban ce ganye ba shi da amfani ba, Allah ya sa magani a cikinsa. Amma na gane ɗan ilimin da ya sa ake jin maganata shi ne ya cuce ta. Don Allah, kafin ku raba wani da maganinsa, ku tambayi likita. Ni kullum sai na ga yayata tana ɗingishi.